Abin da Kunnen Baba Ya Ji

Sabo, Ibadan.

Zuwa ga Yaya Mansir,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Madina da 'ya'yana Ikrama da Khairat. Yaya aiki, yaya kuma sanyin Ingila? Allah ya ci gaba da tsare ku a ƙasar mutane, ya yi wa nemanku albarka, ya raya mana zuri'a a kan tafarkin addini. Mu nan Alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana iya zuwa gidan suna da kanta, sai dai ba ta daina faɗa da mu a kan gishiri ba. Maigidana Tasi'u yana nan yana fama da motocin albasa a kasuwar Shasha. Ƙanwarmu Saudat ta sauka lafiya, an samu Muhammad, ƙato da shi, hancinku sak. Ruwa kuwa bana ba a magana, Ibadan ta sha shi har ta gode Allah.

Yaya, na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali kullum muna waya. Dalili shi ne duk ranar da ka kira, Baba yana zaune kusa, kana tambayarsa yana cewa lafiya lau, ni kuma in yi ta haɗiye magana. Ba lafiya lau ba ne. Raina a ɓace yake, ɓacin da ban taɓa yin irinsa ba, kuma in ban amayar maka da shi ba zan je in yi wa wani dattijo rashin kunya a tsakiyar Sabo. Ka samu wuri ka zauna, don kai ma da hannunka a ciki, ko da yake da kyakkyawar niyya ka yi.

Sandar nan ce da ka zo wa Baba da ita zuwanka na ƙarshe, mai faifai a ƙasa, wadda take kuka in ta ji ƙarfe a binne, da abin kunnenta da ake maƙalawa a ka. Mu a gida 'Yar Ingila muke ce mata. Ka ce likita ya ce Baba ya riƙa tafiya saboda sukari, kuma tsofaffin can haka suke yawo a gonaki suna neman tsoffin kuɗi don nishaɗi. A lokacin dariya na yi maka, na ce Alhaji Yusha'u da rawaninsa ne zai riƙa sharar ƙasa da sanda? To na janye dariyata. Baba ya kama abin nan hannu bibbiyu. Da ya gama lazimin safe sai ya hau keke zuwa gonarsa ta Akinyele, ya yi ta kai da kawowa har rana ta take, ya dawo da aljihu cike da tarkace, murfin kwalba da ƙusa da kwabo mai huji da anini, bakinsa har kunne. Ya koyi muryarta tsaf. Ya ce baƙin ƙarfe kukansa mai kauri ne, azurfa kuwa siririn kuka take sa ta. Ranar da ya tono sulensa na farko na azurfa, mai kan sarkin Turawa a gaba da bishiyar kwakwa a baya, sai da ya tashe mu daga barcin rana don mu gani. Ya zauna da tsohon buroshi yana wanke shi, yana ba jikoki labarin zamanin da mahaifinsa yake sayen huhun goro da irinsa. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, a gwangwanin madara yake tara su. Tumbinsa ya sauka, sukarin ya kwanta, mutum ya koma yana raha. Har addu'a na yi ta yi maka.

Sai ruwan bana ya kayar da katangar tsohon kangon nan na bayan gidanmu, inda fataken goro suke sauka tun zamanin kakanmu. Baba ya ce bari ya zagaya da 'Yar Ingila kafin birkila ya zo. Bai yi nisa ba ta fara siririn kukan nan ba ƙaƙƙautawa. Ya tona, sai ga tarin kuɗin azurfa sun yi baƙi ƙirin, sulalla da daloli da sisi, har da waɗansu manya masu hoton wata mace mai ƙiba, waɗanda ya ce liyari ake ce musu, irin wanda matan dā suke kai wa maƙera a yi musu awarwaro. Wallahi Yaya, na ce masa ya yi shiru da bakinsa, a gidansa ya samu, ya zuba a gwangwaninsa a wuce wurin. Ya kalle ni kallon da ya sa na ji kunya. Ya naɗe abin a farin ƙyalle ya tafi wurin Malam Shu'aibu, limamin masallacinmu. Malam ya ce tunda wurin masaukin fatake ne, wani Musulmi ne ya binne kayansa bai samu dawowa ba, saboda haka tsintuwa ce, sai a yi cigiya shekara guda, kuma duk wanda ya zo da'awa sai ya faɗi irin mazubin da kuɗin suke ciki da abin da aka ɗaure bakinsa da shi. Ni na ga mazubin da idona, amma ko a takardar nan ba zan faɗa maka ba, don Baba ya hana.

Ana sallame Juma'a aka yi sanarwa, ka ga ikon Allah. Ashe duk Sabo babu wanda kakansa bai binne dukiya a kangonmu ba. Zaurenmu ya koma kasuwa. Wannan ya ce tukunya ce, wancan ya ce tulu, wani ya ce jakar fata, wani kuma da bai fi shekara uku da zuwa daga Arewa ba ya ce shi a mafarki aka nuna masa. Har wata tsohuwar Bayarabiya daga unguwar Mokola ta zo ta ce wani Bahaushe ya yi wa uwarta alkawarin aure ya ɓace, ƙila sadakinta ne. Ita ce kaɗai ta ba mu dariya, Baba ya ba ta goro ta tafi tana sa masa albarka. Babu wanda ya dace. Da cigiya ta ƙi su, sai suka juya suna roƙo Baba ya zo ya duba musu nasu gidajen. Shi kuma ka san shi da rashin iya cewa a'a. Dattijo ya yi ta bin gida-gida da gwiwarsa mai ciwo, ko ruwa ba ya karɓa, yana tono wa mutane tsoffin cokula da kwaɗon ƙofa.

Daga nan ne aka zo kan Baffa Babandi. I, shi dai, maƙwabcinmu na jikin katanga, amininsa tun suna samari, wanda ya yi maka wakilci ranar ɗaurin aurenka. Su a gidansu an daɗe ana cewa kakansu ya binne dukiya ya rasu bai nuna wurin ba. Baba ya shiga ya zagaye ɗakuna da tsakar gida. Da ya zo wani lungu kusa da katangarmu sai ya ɗan tsaya, ya karkata kai yana saurare, sannan ya ce baƙin ƙarfe ne, da alama bututun ruwa ne, ya wuce. Shi ke nan laifin Baba, Yaya. Wannan 'yar tsayuwar. Da yake abin kunnen yana kansa, shi kaɗai ya ji kukan da ta yi. Baffa Babandi ya raka shi har ƙofa yana godiya, Baba na juya baya ya kira ma'aikata suka farfasa sabon tayil ɗin da ya sa, suka haƙa rami har ƙugu. Me suka tarar? Bututu. Suka kuma fasa shi da diga, ruwa ya malale gidan har ɗakin matarsa.

Kai da kake mai hankali za ka ce ai magana ta ƙare, mutum ya ji kunya ya kama bakinsa. Ina! Sai ya fito da sabuwa. Ya ce ai kowa ya san dukiyar binne tafiya take yi a ƙarƙashin ƙasa in ta ji ana nemanta, kuma sandar Bature maganaɗisu ce. Wai abin da Baba ya tono a kangonmu na kakansa ne, da sandar aka janyo shi ta ƙarƙashin katanga. Wai ragowar ce Baba ya ji ranar da ya tsaya, ya ƙi faɗa, ya koma gida ya janye ta ita ma. Ka ji fa! Na ɗauko maganaɗisun tsohuwar rediyo na ɗora a kan sulen Baba a gaban matan layinmu, ko motsi bai yi ba, suka ce ai na Ingila daban ne. An ce masa to ya faɗi mazubin, ya faɗi wannan ya faɗi wancan har ya ƙare kayan ɗakin girki bai dace ba, sai ya ce ai an canza mazubin. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutane sun ɗauka. Duk gidan da Baba ya taɓa shiga ya ce babu komai, sai suka fara tuna cewa su ma sun ga ya ɗan tsaya a wani wuri.

Yaya, ka san abin da Baba yake taƙama da shi a duniya. Ba kuɗi ba ne, don ba shi da su. Ɗakin nan ne na jikin zaure, ɗakin ajiya. Tun kafin a haife mu mutanen Sabo suke kawo masa abin da ba su yarda su bar wa 'ya'yan cikinsu ba. Akwatunan fatake da suka tafi Arewa, makullan shaguna, keken ɗinkin marayu, kayan ɗakin da uwa take tara wa 'yarta a ɓoye. Bai taɓa buɗe ƙullin kowa ba, bai taɓa cewa a kawo shaida ba, kuma ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Mu kanmu da muke 'ya'yansa ba mu isa mu leƙa ɗakin ba, ka tuna dukan da ka sha a kan haka. Wannan mutumin ne yau ake nunawa da baki in ya wuce, ana cewa kunnensa ya ji ya ɓoye.

Aka kai magana gaban dattawa a zauren Malam Shu'aibu. Ni mace ce ba a kira ni ba, Tasi'u ne ya je ya kawo mini rahoto. Baba ya je da sandar, ya cire abin kunnen don kowa ya ji, ya sa aka binne ƙusa a nan, sule a can, ya nuna musu bambancin kukan ƙiri-ƙiri. Suka yi ta gyaɗa kai. Sai Baffa Babandi ya ce shi ba yau yake magana ba, ranar nan yake magana, ya dubi Baba ido da ido ya ce, "Kunnenka kaɗai ya ji, Yusha'u. Wa zai shaide ka?" Dattawan nan, babu ɗaya a cikinsu da ba shi da kaya a ɗakin Baba ko bai taɓa ajiyewa ba, amma kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na tambayi Tasi'u shi me ya hana shi magana, ya ce ai shi yaro ne a cikinsu, kuma suruki. Ranar dai bai ci tuwona da daɗi ba.

Daga ƙarshe wai sai suka kawo sulhu, a raba kuɗin biyu a ba Baffa Babandi rabi don a zauna lafiya, tunda maƙwabta ne kuma aminai. Don Allah wane irin zaman lafiya ne wannan? In ka ba shi rabi ai ka yarda an ɗaukar masa ke nan. Malam ya ce a gaskiya ba haka hukuncin tsintuwa yake ba, amma a hankali ya faɗa, sau ɗaya, bai kuma maimaita ba. Ba zan ce komai a kan malami ba, sai dai na so a ce ya ɗaga murya kamar yadda yake ɗagawa ranar da yara suka yi surutu a sahu. Wani har ya kawo shawarar Baba ya dafa Alƙur'ani, mutumin da ko a cinikin goro ba a taɓa jin ya ce wallahi ba. Baba ya miƙe, ya ajiye farin ƙullin a gaban Malam ya ce, "Ba nawa ba ne balle in raba shi. Mai shi bai zo ba tukuna. Ga shi nan a hannunka har shekara ta cika." Ya sa takalminsa ya fito.

Na ɗauka iyakarta ke nan, ashe da saura. Bayan 'yan kwanaki sai ga Rabi'u, ɗan Hajiya Mairama ta layin masallaci, ya yi sallama. Ita Hajiyar tun da ta dawo daga aikin Hajji ta kawo wa Baba likkafaninta da ta wanko da ruwan Zamzam, ta ce ya riƙe mata har ranar da za a buƙace shi. Rabi'u ya durƙusa yana ta kame-kame, wai 'yan'uwa ne suka ga ya kamata kayan Hajiya su dawo kusa da ita. Baba ya shiga ya ɗauko masa. Ina tsaye a bakin ƙofar cikin gida da kwanon abincin Baba a hannuna, ina kallo, yaron nan ya kwance ƙullin a gaban Baba, ya warware ƙyallen yana dubawa, har da ɗaga shi sama yana auna tsawonsa da hannu. Likkafani fa, Yaya! Me Baba zai yi da likkafanin wata? Ya yanki ƙyalle ya ɗinka hula? Na ajiye kwanon zan yi magana, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya jira Rabi'u ya gama, ya tambaye shi ko ya cika, ya ce ya cika, ya ce to ya gaida Hajiya. Na koma ciki na ci kukana, Inna tana taya ni.

Washegari Baba bai jira wani ya sake zuwa ba. Ya sa Tasi'u ya samo masa keke mai ƙafa uku, ya buɗe ɗakin ajiya, ya riƙa fito da kayan mutane ɗaya bayan ɗaya yana kai wa kowa nasa har ƙofar gida. Wanda yake Arewa ya kai wa danginsa. Ko'ina ya je sai ya tsaya ya ce a buɗe a duba a gabansa. Waɗansu suka ji nauyi suka ce haba Alhaji, ya ce a'a, a duba. Wata mata ta biyo shi har titi tana kuka tana cewa ita ba ta ce komai ba, kuma in kayan 'yarta suka kwana a gida, mijinta zai sayar da su, ya ba ta haƙuri ya ce ta nemi wani. Yanzu da abin ya zo kansu, waɗanda suka yi shiru a zaure sun fara aiko da saƙo wai ai ba su taɓa zarginsa ba. Ina bakinsu yake ranar da ake neman mutum ɗaya ya faɗi haka? Baffa Babandi kuwa ko a jikinsa, yana nan yana gyaran tayil, yana gaya wa mutane wai mai gaskiya ba ya fushi.

Tun daga ranar Baba bai sake zuwa gona ba. Masallaci kawai, shi ma a sahun baya yake tsayawa, ana sallamewa ya fito. Abinci sai an yi da gaske. Gwangwanin sulallansa jikoki suka tambaya, ya ce su ɗauka su yi wasa, ni na karɓe na ɓoye. Ƙafafunsa sun fara kumbura kamar dā. Ba kuɗi nake nema a wurinka ba, kada ka turo, kuma kada ka ce za ka kira Baffa Babandi ka zage shi, wannan in ana so ni ma na iya. Abin da nake so, ka kira Malam Shu'aibu da kanka, kai namiji ne kuma babban ɗa, yana jin maganarka. Ka ce masa a inda aka yi cigiyar kuɗin, a nan ya kamata a tsaya ranar Juma'a a wanke Baba da babbar murya. Sannan ka nemi hutu ka zo, ko na mako guda ne. Kada ka ce mini sai Sallah.

Ka gaida mini Anti Madina da kyau, ka ce mata man zafin da ta aiko wa Inna ya yi amfani. Ka shafa mini kan Ikrama da Khairat, ka ce su riƙa yi wa kakansu Hausa a waya, yana jin daɗi. Inna tana gaishe ku, Tasi'u da Saudat maijego duk suna gaisuwa. Baba ma yana gaishe ka, bai san abin da na rubuta ba, amma da ya ga ina rubutu ya ba ni saƙo. Jiya na shiga share ɗakin ajiya, karo na farko a rayuwata da na taka cikinsa. Wayam yake, sai shatin akwatuna a ƙasa. Abu ɗaya ya rage a jingine a lungu, sandarka, ya cire mata batir, ya naɗe ta a buhu ya ɗaure da igiya tsaf yadda yake ɗaure kayan mutane. Ya ce in gaya maka ita kaɗai ce ajiyar da ta rage a hannunsa, ka zo ka karɓi kayanka, kuma in ka zo ka buɗe ka duba a gabansa.

Allah ya kawo mana kai da wuri, ya sa ka same shi a tsaye. Wassalam.

Ƙanwarka,
Atika.